Ambulan Biyu da Ban Kai Ba

Zuwa ga Mai girma Direktan sashen karatun dakta na jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya ƙara maka haƙuri da mu.

Sunana Laminu. Ni ne ɗalibin da ya kare kundin bincikensa na dakta sati shida da suka wuce, a kan yadda manoman ƙasar Droum ke tsare gero daga ƙwari a cikin rumbu. Kai ka sa hannu a takardar sakamakon, ka kuma yi min barka a bakin ƙofa. Tun daga ranar mutane ke ce min Dakta. A allon da aka liƙa sanarwar sakamakona, ƙasa da ita kaɗan, akwai jerin ɗaliban da majalisar sashe za ta soke sunayensu a zamanta na ƙarshen wannan wata, saboda shekarunsu biyar sun cika ba su gama ba. Ta uku a jerin ita ce Malama Rakiya. Shekara ɗaya muka shiga, malami ɗaya aka ba mu. Ina da hannu a shigar sunanta cikin wannan jeri, kuma abin da na zo faɗa ke nan.

Na ajiye irin wannan takarda da faransanci a wajen sakatare. Wannan kuwa na rubuta ta da Hausa, a fili, domin a gaban mutane aka mai da Malama Rakiya maƙaryaciya, labarin ya kai har unguwarsu a Birni, mahaifinta ya ji. Shi ba ya jin faransanci, kuma ya kamata ya ji wannan ma. Ta yarda in ambaci sunanta na fari kawai. Malaminmu ba zan ambaci sunansa ba, kai ka san shi, kuma ban zo don in ci mutuncinsa ba. Mutum ne mai ilimi, na ƙaru da shi, na ci abincin gidansa.

Na ɗaya: yadda ake ganin Malam.

A shekararmu ta farko biron Malam, wato ofishinsa, a kulle yake kusan kullum. Ayyuka sun yi masa yawa, tafiye-tafiye kuma ba sa ƙarewa. Na tura babina na farko ta ƙarƙashin ƙofa a farkon damina, ya dawo min bayan an yanke gero. Gyara ɗaya ne a ciki, a shafin farko, inda na rubuta sunan jami'a ba daidai ba.

Waɗanda suka riga mu shiga ne suka nuna min hanya. Suka ce mai son ganin Malam ba biro yake zuwa ba, zauren gidansa yake zuwa bayan la'asar. Ka gaisa, ka zauna a ƙarshen tabarma, ka sha shayi, ka saurari hirar manya. In an kira magariba sai ka yi sauri ka ɗauki butarsa, ka raka shi masallaci. Daga ƙofar zaure zuwa ƙofar masallaci tafiyar minti biyar ce in bai tsaya gaisawa da kowa ba. A cikin wannan minti biyar za ka yi tambayarka. Tambaya ɗaya, don ta biyu ba ta samun wuri. Haka na yi kundina, ranka ya daɗe, tambaya ɗaya ɗaya a kan yashi, da buta a hannu.

Na biyu: abin da ke cikin kayena.

Ni mutum ne mai tsoron mantuwa, don haka ina da ɗan kaye, wato littafin aljihu, da nake rubuta kowace haɗuwa, da wurinta, da abin da aka faɗa. Ga abin da ke ciki na shekara ta uku. Na ga Malam sau ashirin da uku. Goma sha huɗu a zaure. Huɗu wajen gaisuwar rasuwa da na raka shi. Biyu wajen suna. Biyu barka da sallah. Ɗaya a biro. A cikin duka waɗannan, sau biyu kawai aka buɗe takarda aka duba aikina: ranar biro, da ranar da tayar motarsa ta fashe a hanyar Gouna muna zuwa ta'aziyya, muka zauna a gindin gawo ana faci. Minti arba'in muka samu. Shi ne zama mafi tsawo da na yi da malamina a shekara biyar, kuma babina na uku daga nan ya fito.

A ƙarshen kowace shekara ana ba mu fish, wato takardar tambayoyi, mu cika. Tambaya ta huɗu a fili take, tana neman yawan zaman aiki da ɗalibi ya yi da malaminsa a kan kundi. Na fahimce ta sarai. Na rubuta ashirin da uku. Dalilina shi ne fish ɗin ta hannun Malam take bi, shi ke sa hannu a ƙasa kafin ta iso gare ka. Ban iya rubuta biyu in miƙa wa mutumin da nake shan shayinsa ba.

Na uku: Malama Rakiya.

Ƴar majemi ce daga Birni. Da safe tana koyar da kimiyya a kolej, da yamma tana bincike a kan ruwan da ke fita daga ramukan jima, ko yana kaiwa rijiyoyin da mutanen unguwa ke sha. A gidan da ta tashi ake jiƙa fata da toka da bagaruwa, ta san aikin tun kafin ta san karatu. Awon da take buƙata a bazara kawai ake yin sa, lokacin da ruwan rijiya ya ja ƙasa, kuma labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba ya karɓar ruwanta sai malaminta ya amince da hanyar awon da ta tsara a babi na biyu.

Mace ba ta zama a zauren maza, kowa a garin nan ya san haka. Sau ɗaya ta gwada zuwa. Ina wurin. Ta yi sallama daga waje, Malam ya amsa da fara'a ya ce ta shiga daga ciki. Ta shiga wajen Hajiya, uwargidansa, ta yi awa biyu tana taya ta tsinke zogale. Aka kira magariba muka tafi masallaci, ita ta tafi gida. Washegari a jami'a ta ce min tana dariya: “Laminu, ni dai Hajiya ce malamata. Jiya mun gama babin zogale, sati mai zuwa za mu shiga na kuɓewa.” Na yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga idonta.

Sakatare a lokacin ba ta karɓar takardun Malam, ta ce sun taru mata har ba wurin ajiya. Saƙon waya kuwa Malam ba ya amsawa. Shi ya sa Malama Rakiya ta roƙe ni, tunda ni ina shiga zaure, in riƙa kai mata. Na amsa.

Ambulan na farko na kai. Na miƙa shi a hanyar masallaci. Malam ya duba sunan da ke bayansa, ya dube ni, ya ce: “Kai ne ɗan aikenta yanzu? Naka aikin ka gama?” Ban sani ba ko wasa yake yi. Abin da na sani shi ne ranar ban samu yin tambayata ba, kuma na yi sati biyu ina juya maganar a raina, ina tsoron ya ɗauke ni marar abin yi, ko a fara wata magana a kaina da ita.

Ambulan na biyu ta ba ni shekara biyu da rabi da suka wuce, bayan kaka. Babi na biyu ne, wanda labo ke jira. Na sa shi a jaka. Sau biyar ina zuwa zaure da shi, kaye ya nuna. Sau biyar ana kiran magariba, ina ɗaukar buta, ina yin tambayar kaina. Kullum ina cewa gobe. Da ta tambaye ni ta waya, kunya ta hana ni cewa yana jakata, sai na rubuta mata: “Na ba shi.” Saƙon yana nan a wayarta har yau, na gan shi da idona satin da ya wuce.

Bayan wata huɗu ta ba ni na uku. Wannan ban ma yi niyyar kaiwa ba, domin in na kai babi na uku Malam zai tambayi na biyu. Na sa su duka a ƙasan akwatina, ƙarƙashin rigar sallah. Na sake rubuta mata cewa na ba shi. Bazara ta zo ta wuce ba ta yi awo ba. Duk haɗuwarmu sai ta ce ko Malam ya ce wani abu, in ce mata ta ƙara haƙuri, aiki ne ya yi masa yawa.

Na huɗu: ranar komite.

Shekara ɗaya da wata takwas da suka wuce ta rubuto maka ƙorafi, cewa babinta biyu suna hannun Malam kusan shekara ba amsa, kuma ba ta da hanyar ganinsa. Ka kafa komite na mutum uku. Malam ya ce bai taɓa ganin babi na biyu ko na uku ba. Gaskiya ya faɗa. Ita ta ce ta hannuna ta aika. Ita ma gaskiya ta faɗa. Aka kira ni.

Ina so ka san yadda ɗakin yake. Tebur ɗaya ne. Malam yana zaune a hannun damana, kusa har ina jin ƙamshin turarensa. Malama Rakiya tana can ƙarshen tebur. A satin nan ina jiran sa hannun Malam don sabunta rajistata. Shugaban komite ya yi min tambaya biyu. Ta farko, ko ta ba ni wasu takardu in kai. Na ce na tuna ta taɓa ba ni ambulan ɗaya na kai, sauran ban tuna ba. Kayena yana aljihun rigata a lokacin, da ranar kowane ambulan a ciki. Ta biyu, ya ɗaga fish ɗina ya tambaya ko gaskiya ne na yi zaman aiki ashirin da uku da Malam. Na ce haka ne.

Malama Rakiya tana da saƙonnina a wayarta, wayar tana hannunta a kan tebur. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta kife ta. Ba ta nuna ba.

Komite ya rubuta cewa malamin yana samuwa ga ɗalibansa, hujja kuwa fish ɗina, kuma ƙorafin ba shi da tushe. Bayan nan ta sake buga babin biyu ta kawo biro. Malam ya ce ba zai yi aiki da wadda ta yi masa ƙage ba. Ba a ba ta wani malami ba. Bazara ta biyu ta wuce. Dokarmu ta ce ba a ƙara wa ɗalibi lokaci sai da amincewar malaminsa, ita kuwa tun daga ranar ba ta da malami sai a takarda. Ni kuwa na samu sa hannun Malam a satin da komite ya zauna.

Na biyar: abin da nake kuka da shi a tsarinmu.

Laifina nawa ne, ba na raba shi da kowa. Ba Malam ya ɓoye ambulan ba, ba kai ba ne. Amma ina roƙon ka duba yadda aka yi aikin shekara biyar na mutum ya rataya a jakar ɗalibi matsoraci. Ba mu da ranar da aka tsayar don malami ya zauna da ɗalibansa a biro. Ba mu da littafin da ake rubuta babi in an kawo shi. Fish ɗin da ke auna malami ta hannunsa take bi. An yi min tambaya a kansa yana zaune a gefena. Kuma a cikin mutum uku na komite ba wanda ya tambaye ni inda aka yi zaman nan ashirin da uku, alhali biyu daga cikinsu sun sha ganina a ƙarshen tabarmar zauren. Sun san wurin da ake ganin Malam, sun san kuma mace ba ta zama a can.

Na shida: abin da na yi satin da ya wuce.

Ranar Laraba na ciro ambulan biyun daga akwati. A manne suke yadda ta ba ni, da rubutun hannunta a baya. Na tafi Birni. Na ajiye moto, wato babur ɗina, a bakin lungu don yashi, na ƙarasa da ƙafa. Na sami mahaifinta yana shanya fatu a kan igiya. Ya san ni, ya zo walimar da aka yi min, har ya kawo min jakar fata ta hannunsa da ya ce Dakta ya riƙa sa takardu. Ya shimfiɗa min tabarma, ya aika aka kira ta. Na faɗi komai a gabansa, kamar yadda na rubuta a nan, na ajiye ambulan a tsakaninmu.

Tsohon ya dubi ambulan biyun. Sannan ya ce: “Ɗana, ni na ce mata ta je ta ba malaminta haƙuri. Na ce mata a gidan nan ba a yi wa babba ƙarya. Wata uku ban ci abincin da ta dafa ba.” Ya tashi ya koma wajen fatunsa. Ban san wannan ba sai ranar.

Na tambaye ta abin da ya hana ta nuna saƙonnin a gaban komite. Ta ce ta san da ta nuna, ranar za a kore ni, kuma ta taɓa ganin mahaifiyata ta zo daga ƙauye da ƙullin gyaɗa tana neman inda ɗanta ke karatu. Ta ce ta ɗauka zan dawo da kaina in gyara cikin sati ɗaya ko biyu. Na tura mata ambulan, ta ƙi taɓawa. Ta ce: “Ni kuma me zan yi da su, Malam Laminu? Ni na rubuta su. Ka kai inda na aike ka.”

Ranar Alhamis na je zaure bayan la'asar. Na zauna a wurina. Da aka kira magariba na ɗauki buta, na yi amfani da minti biyar ɗin a kan maganarta, karo na farko tun ambulan na fari. Malam bai katse ni ba. A ƙofar masallaci ya karɓi butarsa, abin da bai taɓa yi ba kafin ya zauna alwala, ya ce shi ba zai karɓi takardar shekara biyu a bakin masallaci ba, in kai wa Direkta. Bai ce komai a kan Malama Rakiya ba. Na gaya masa zan rubuta wannan takarda a fili, bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

Saboda haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, abubuwa kamar haka.

A cire sunan Malama Rakiya daga jerin da majalisa za ta duba a ƙarshen wannan wata, har sai an sake buɗe dosiyenta, wato takardun maganarta. Wannan shi ne na gaggawa, sauran za su iya jira.

A soke shaidar da na bayar a gaban komite, a cire fish ɗina ta shekara ta uku daga cikin hujjoji. Zan kawo kayen kansa, ba kwafi ba. A rubuta mata takarda cewa ba ta yi ƙarya ba, a liƙa ta a allon da aka liƙa sunanta.

A ba ta malami na biyu da zai karanta babinta, a ƙara mata lokacin da zai haɗa da bazara guda cikakka. Ta gaya min bazara ɗaya ta ishe ta. Rijiyoyin suna nan, mutane suna sha, har yau ba wanda ya auna.

A tsayar wa kowane malami rana a sati da zai zauna a biro, ƙofa a buɗe, mace da namiji su shiga. A ajiye littafi wajen sakatare, duk babin da aka kawo a rubuta ranarsa. Fish ta riƙa zuwa gare ka kai tsaye. In za a tambayi ɗalibi a kan malaminsa, a tambaye shi malamin ba ya ɗakin.

Game da ni, duk hukuncin da doka ta tanada ga wanda ya ba da shaidar ƙarya a gaban komite, a yi min shi. Na nemi aikin koyarwa a sashenmu, takardar tana bironka, kuma tana jiran shaidar Malam. Na san inda wannan wasiƙa ta bar ta. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada maganar hukuncina ta cinye zaman majalisa har a tashi ba a kai ga nata ba.

Ina neman gafarar Malam a kan abin da na ja masa, domin ni na sa ya riƙe ɗalibarsa da laifin da ba ta yi ba. Ina neman gafarar Baba, mahaifin Malama Rakiya. Ita kuwa na roƙe ta a gabansa, ta ce in bari tukuna, ba ta gama tunani ba. Tana da gaskiya.

Allah ya yi maka jagora a wannan aiki, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da iyalinka, ya sa ka gama lafiya. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe zan kasance a ƙofar bironka da ambulan biyu a cikin jakar da Baba ya ba ni. Ban buɗe su ba. In kana da taro zan jira a kan benci, in ka yi tafiya zan dawo Talata. Ba zan bar su wajen kowa ba sai a hannunka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Laminu, tsohon ɗalibin sashen karatun dakta,
Zinder.